Madubin Bindigar Baffa Tanko

Tun da na dawo daga Doha ban huta ba. Duk wanda ya shigo shago, ko da ƙafar tabarau ya kawo a ɗaure masa, sai ya jingina da kanta ya ce, "To Mudi, yaya ƙasar Larabawa?" Wasu tsaraba suke nema, wasu kuma so suke in ce musu da turare ake wanke titi. Na gaji da cewa sai godiya, shi ya sa na zauna na rubuta abin da ya faru. Wanda yake son labarin dogayen gine-gine ya yi haƙuri. Na gan su, amma ba su na je gani ba.

Baffa Tanko ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Gidanmu a Funtuwa gidan mafarauta ne tun kakanni, kuma a cikin 'yan zamaninsa ba a yi mai saiti kamarsa ba. Ya daɗe yana aiki a wata gonar dabbobi a kudu da Doha. Sunan aikin gadi, amma ba ɓarayi yake jira ba. Karnuka ne marasa iyayen gida, masu yawo garke-garke, suke haƙa ƙarƙashin waya su shiga su kashe 'yan raguna da 'ya'yan barewa. Mai gonar, wanda su can suke kira kafil, shi ya ba shi wata ƙaramar bindiga yana maganinsu. Albashin nan shi ke riƙe da gidansa, shi ke riƙe da mahaifiyata, da shi kuma na koyi aikin tabarau.

Wata rana ya kira ni ya ce, "Mudi, kai ne ka san gilashi. So nake ka zo ka zaɓa mini madubin nan da ake ɗaura wa bindiga."

Na yi dariya na ce, "Baffa, duk shagunan Doha sai an ɗauko mutum daga Funtuwa?"

Shi bai taya ni dariyar ba. Can ya ce, "Masu shago ba 'ya'yana ba ne. Idon ne ya fara yi mini gardama. Ina ta kuskuren kare, kafil ya fara tambaya. In aikin nan ya tafi ka san abin da ya tafi. Kada Kulu ta ji." Inna Kulu matarsa ce.

Haka na shirya. Inna Kulu ta cika mini jaka da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, tana murna ɗan gida zai je ya ga mijinta, ni kuwa ina kauce wa idonta. Na shiga motar Kano da sassafe, ta Malumfashi da Gwarzo. Kun san hanyar, ba sai na faɗa ba: direba yana gudu inda ba gari, fasinja kowa bakinsa na motsi, a kowane shinge kuma a sauke jakata a kwance ƙullin kuka a shinshina. Wani ɗan sanda ya tambaye ni ina za ni, na ce Doha, ya dubi silifas ɗin ƙafata ya ce Allah ya kai mu.

Jirginmu ya yada zango a Adis Ababa, inda sanyi ya kama ni na yi ta rawar ɗari a kan kujera, sannan muka tashi muka sauka Doha da hantsi. A wurin duba fasfo aka ce in cire tabarau in buɗe ido gaban wata na'ura. Ni da kullum nake ce wa mutane su buɗe ido da kyau, sai ga ni ina ƙifce-ƙifce har jami'in ya gaji ya ce, "Yalla, yalla," wato in yi sauri. A wurin kaya kuma daddawa ce ta tona mini asiri. Jami'in ya kwance leda, ya ja da baya, ya kira ɗan'uwansa shi ma ya zo ya ji. Na yi ta kwatancen miya da hannu, ina juya ludayin da babu shi. Kuka da kuɓewa suka wuce, daddawar Inna Kulu ta ƙare a kwandon shara.

Na hango Baffa a bakin ƙofar fita, ya rame kaɗan, yana kallon gabansa. Na zagaya na zo ta damansa na tsaya, don in ba shi mamaki. Kafaɗata ta kusa taɓa tasa. Bai juyo ba. Na ɗaga hannu daidai kunnensa, bai motsa ba. Sai da na yi sallama ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, ya rungume ni yana cewa ta ina na ɓullo. A nan murnata ta ƙare, tun ban fita daga filin jirgi ba.

Awudu ne ya ɗauke mu, wani direba ɗan zangon Kumasi da ke kai wa gonar abincin dabbobi. Hausarsa ta ba ni dariya, don ko mace yake magana a kai sai ya ce "ya zo, ya tafi". Zafin garin kuwa ba irin namu ba ne. Namu ƙuna yake yi, nasu danshi gare shi, kamar ka leƙa tukunyar dambu. Awudu ya ce, "Wannan ai sanyi ne, maigida. Bari ka ga lokacin da ake hana lebura fita da rana."

Masaukinmu a Al Wakrah yake, ɗaki ɗaya da 'yan Arewa ke haya, gadaje hawa biyu, kowa ya rataye yunifom ɗinsa a ƙusa. Masu diyutin dare suna dawowa su kwanta inda masu na rana suka tashi. Baffa nan yake kwana ranar hutunsa. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, aka tuƙa tuwon semo aka kaɗa kukar da na kawo, wani ɗan Gusau ya ci yana share ƙwalla, ya ce barkono ne. Sauran kwanakin shinkafar Indiyawa muka yi ta ci mai kayan ƙamshi, da burodi faffaɗa, da wani shayin madara mai kauri da suke kira karak, wanda na yarda ya fi namu. Abin da ban saba da shi ba shi ne rashin gaisuwa. Ka shiga lif da mutum, ku tsaya kafaɗa da kafaɗa, ka yi masa sallama ya dube ka kamar ka roƙe shi wani abu. A bakin ruwa inda masunta ke sauke kifi kuma kyanwoyi ne ƙattai, ba mai korarsu, har abinci ake ajiye musu.

Bayan la'asar, da ɗakin ya zama ba kowa, na ce Baffa ya zauna ya kalli hancina. Na rufe masa ido ɗaya, na riƙa kawo yatsuna daga gefe a hankali, na ce in ya gan su ya faɗa. Ni ba likita ba ne, yankan gilashi nake yi, amma na daɗe kusa da masu duba ido, na san wannan gwajin. A idon hagu sai da yatsuna suka zo gaban fuskata sannan ya ce ya gani. Na dama ya fi dama-dama, shi ma ba sosai ba.

Na ce, "Baffa, wannan ba matsalar gilashi ba ce. Ya yi kama da hawan jinin ido. Daga gefe yake fara ci, ya bar wa mutum tsakiya, shi ya sa ba a ankara. Akwai maganin ɗigawa da ke tsayar da shi. Mu je asibiti gobe."

Ya ce, "Abin da likita ya gani a nan sai ya kai kunnen kafil."

"Wa ya gaya maka?"

"Ba sai an gaya mini ba. Mai gadi da bindiga, a ce ba ya gani? Khalas ke nan, an gama, sai tikitin gida. Mu fara sayen madubi, in kawar da karnukan nan hankalinsa ya kwanta, sannan in je asibitin da ka ce."

Na buɗe baki zan ƙara magana, ya ɗaga hannu kamar yadda yake yi mini ina yaro. Na haƙura. Mutumin da ya yi maka wanka da hannunsa ba ka iya ja da shi, ko da ka fi shi gaskiya.

Washegari muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ba shi da direba, abin da har yau bai kwanta mini ba. Na ja Baffa muka faɗa wani tarago mai sarari, ashe na mata ne da masu iyali, wata ma'aikaciya ta zo ta kora mu baya cikin ladabi, mutane suna kallo. A tashar Mushairib muka sauka don canja jirgi. Wurin duk gilashi ne da haske, a nan kuma Baffa ya bugi gefen wata ƙofa da goshi har hularsa ta faɗi. Ya ɗauka ya kaɗe, ya ce masu ginin ne ba su da hankali. Daga nan na riƙa tafiya gabansa, yana bin bayana.

Shagon yana unguwar Al Mirqab, cike da kayan farauta da safar hannun masu kiwon shaho. Kafil ya riga ya yi wa mai shagon waya, wani mutumin Sham mai furfura. Baffa ya ce wa kafil karnukan ne suka yi wayo suna tsayawa nesa, shi ya sa ake buƙatar madubi. Bindigar ba ta fita daga gona, doka ce, baƙo ba ya yawo da makami a ƙasar, don haka da baki muka kwatanta ta. Irin ƙaramar nan ce da suke kira tuwanti-tu, harsashinta bai kai ƙaramin yatsa ba, a gefen gindinsa ake bugunsa ya tashi. Ba ta naushin kafaɗa, ba ta kuma cin dogon zango.

Idon Baffa ya faɗa kan wani ƙaton madubi mai baki kamar kofin shayi, wanda ke jawo abu kusa har ninki ashirin da huɗu. Ya ce shi yake so. Mai shagon ya girgiza kai ya yi bayani da Larabci, Baffa yana fassara mini a daƙile. Ya ce wannan na manyan bindigogi ne masu harbin nesa. An saita shi don abin da ke can da nisa, in ka duba na kusa sai ya yi dishi-dishi. Ya ɗora shi a kan kanta ya ce in leƙa wata kwalba a ƙarshen shago, in motsa kaina. Na motsa, sai na ga zaren nan biyu da suka gitta juna a ciki suna zamewa daga kan kwalbar, alhali madubin bai motsa ba. Ke nan in kuncinka ya kauce kaɗan daga inda ka saba ɗora shi, harsashi ya tafi wani wuri.

Ni abin da ya fi damuna daban ne. Duk yadda madubi ya ƙara jawo abu, haka yake ƙara matse abin da kake gani. Mai lafiyar ido yana iya barin ɗaya idon a buɗe yana lura da gefe. Baffa ba shi da gefen. Na ce da Hausa, don mai shago kada ya ji, "Baffa, mu ɗauki mai ninki huɗu. Fili ya fi yawa a cikinsa."

Ya ce, "Na taso ka tun daga Funtuwa don ka saya mini na wasan yara?"

Muka yi ta ja, a ƙarshe muka tsaya a kan wanda ake murɗawa daga ninki uku zuwa tara, mai wani zobe a gaba da ake juyawa a daidaita shi da nisan abin harbi. Na sa shi ya yi mini alkawarin zai bar shi a kan uku ko huɗu. Ya ce to, irin to ɗin da babba ke ce wa yaro.

Sai zobba, wato ƙarafa biyu da ke rungume madubin su maƙale shi a bayan bindiga. Na zaci nan ba wuya, ashe nan aikin yake. Dole faɗin zoben ya yi daidai da kaurin madubin, namu inci ɗaya ne. Akwai gajeru, akwai matsakaita, akwai dogaye. In suka yi gajarta, hannun sakatar da ake ja a ɗura harsashi zai riƙa bugun madubin. In suka yi tsawo, sai mutum ya ɗaga kunci daga jikin katako yana neman gani. Muka ɗauki matsakaita. Sannan mai shagon ya tambayi faɗin tsagin da ke bayan bindigar, inda haƙoran zobban za su ciza. Ya ce iri biyu ne, na Turai da na Amurka, a ido kamar ɗaya, amma ɗaya ya ɗan fi faɗi, kuma yankan gefensu ya bambanta.

Baffa ya yi murmushi, ya cire hularsa, ya zaro tsinken tsintsiya daga cikinta ya ajiye a kan kanta.

Mai shagon ya dubi tsinken, ya dube mu. Ni na gane nan take. Haka Baffa yake saya mana takalmin salla: ya gwada ƙafar yaro da tsinke yana barci, ya karya daidai tsawon, ya tafi kasuwa da shi a hula. Haka ya gwada bayan bindigar. Mai shagon, bawan Allah, bai yi dariya ba. Ya ɗora tsinken a kan zoben Turai, ya ɗora a kan na Amurka. Bakin tsinken ya tsage, zufa kuma ta lanƙwasa shi, sai ya faɗa tsakani. Ya tambayi ƙasar da aka ƙera bindigar, Baffa ya ce bai taɓa dubawa ba. Ya buɗe hannuwa ya ce Allah ne masani.

Baffa ya ce, "Ba mu mai faɗin. Gara a ƙara kaɗan da ya matse."

Da takalmin yaro ne da ya yi daidai, don ƙafa tana girma. Ban yi wannan tunanin ba sai da muka isa gona.

Gonar tana cikin fili fetal, ba tudu ba itace sai dabinon da aka shuka ana ba shi ruwa da tiyo. A can na sadu da Idris, makiyayi ɗan Sudan, dogo siriri, mai farar jallabiya. Iyalinsa suna gudun hijira a wata ƙasa, kullum bayan magariba yana zagaya gona yana neman inda waya za ta kama. Shi yake dafa wa ma'aikatan gonar abinci, wani tuwo mai laushi da miyar kuɓewa da ya sa na ji kamar ina gida. Yana kiran Baffa da "Hajji Tanko", ni kuma "ya zol", wato "kai mutumin nan" a bakin 'yan ƙasarsu. Shi da Baffa sun yi shekara da shekaru a ɗaki ɗaya, kuma na lura, ba tare da an ce masa komai ba, yakan kawar da bokiti ko tiyo daga hanyar Baffa kafin ya iso.

Na ɗaura madubin, na ɗaure ƙusoshin da alanki. Baffa ya harbi murfin gwangwani, harsashi ya faɗa dama. Na gyara, ya faɗa hagu. Muka yi ta yi har rana ta take. Da na duƙa na duba da kyau, sai na ga haƙoran zobban gefe ɗaya kawai suka ciza, madubin ya karkace, yana zamewa da kowane harbi. Na juya bindigar na karanta rubutun jikin bututun: ƙirar Turai ce, mu kuwa zobban Amurka muka saya. Sai da muka jira Awudu ya sake zuwa da buhunan abinci, muka ba shi zobban ya kai shago ya canjo.

Kafin ya dawo karnuka suka shiga suka kashe 'yar barewa. Kafil ya zo da safe, dattijo ne mai sanyin magana, ya tsaya a kan gawar ya daɗe. Ya ce, "Shinu hada, ya Tanko?" wato mene ne wannan. Ya juya ya shiga mota. Ranar Baffa bai ci abinci ba.

Da sababbin zobban suka zo, suka zauna daram. Na rataye igiya da dutse a jikin dabino, na daidaita zaren tsaye na cikin madubin da ita don kada ya karkace. Na sa Baffa ya rufe ido ya ɗora kunci inda ya saba, ya buɗe, na riƙa tura madubin gaba da baya har ya ce ya ga da'irar ta cika ba baƙi a gefe. Na murɗa gilashin baya yana kallon sama har zaren ya fito masa tar. Sannan na ɗaure ƙusoshin, wannan kaɗan wancan kaɗan, don kada a matse bututun. Ya kwanta a bayan damin ciyawa ya yi harbi a jere. Idris ya je ya ɗauko murfin, duk ramukan sun haɗu wuri ɗaya, babban yatsa zai rufe su.

Baffa ya yi dariya irin wadda na manta yana da ita. Ya ce, "Ka gani, likitan Funtuwa? Ina makahon?" Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Har na fara gaya wa kaina wataƙila na zuzuta abin ne.

Washegari bayan asuba, gari ya waye sarai, muka ga wani jan kare a jikin waya ta bayan garken raguna. Baffa ya kwanta a wurinsa na jiya, ni ina tsugune ta damansa, idona a kan karen. Na ji 'yar ƙarar murɗa madubi amma ban kawo komai a raina ba. Can na ga fari ta wutsiyar ido. Idris ne ya fito daga bayan rumfa ta hagu, ɗauke da bokitin madarar da yake ba marayun raguna, yana tafiya kai tsaye zai ratsa tsakaninmu da karen. Bai gan mu ba, ciyawa ta kare mu. Duk mai ido zai gan shi tun daga nesa.

Na ce, "Baffa!" Muryata da ƙarar bindigar tare suka fita.

Karen ya arce. Idris ya tsaya cak. Madara ta fara tsartuwa daga jikin bokitin ta gefe biyu, tana zuba a kan ƙafarsa.

Baffa ya ɗago kai ya ce, "Ya faɗi? Wani farin abu ya gifta mini, mene ne?"

Na kama kansa da hannu biyu na juya shi wajen Idris. Madubin yana kan ninki tara.

Idris ya ajiye bokitin a hankali ya zauna a ƙasa. Muka je wurinsa. Baffa ya durƙusa ya lalubi bokitin, ya sa yatsa a ramin, sannan ya ɗora tafin hannunsa a kan cinyar Idris, inda bokitin yake jingine lokacin da yake tafe. Tsakanin ramin da cinyar bai fi faɗin yatsu biyu ba. Idris ne ma mai cewa, "Khalas, Hajji. Ba abin da ya faru. Ba wanda zai ji." Ya san abin da aikin yake nufi ga Baffa, don shi ma haka nasa yake.

Baffa ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe, ya koma ya zare harsasan da suka rage, ya cire sakatar ya sa a aljihu, ya ce, "Mudi, wuce gaba. Kai ni wurin kafil."

Ya faɗi komai da bakinsa, ni ina tsaye a baya ina jin Larabcin da ban gane ba, ina ganin fuskar dattijon tana canjawa. Bai yi faɗa ba. Abin da Baffa ya fassara mini daga baya shi ne kafil ya tambaye shi me ya sa bai faɗa tun da wuri ba. Kafil da kansa ya sa aka kai mu asibiti. Likitar, wata Ba'indiya, ta gwada shi da na'urori kala-kala, ta kira ni gefe da yake ina jin Turanci. Ta ce na hagu saura kaɗan ya rufe, na dama 'yar taga ce ta rage. Maganin ɗigawa zai iya riƙe tagar in an dage, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ta tambayi yaushe ya fara lura. Da na fassara mata amsarsa, cewa abin ya daɗe, sai ta ajiye biro ta dube shi kawai. Can ta ce mini da ya zo a lokacin, da wataƙila har yau yana bakin aikinsa. Wannan maganar ban fassara masa ba.

Kafil ya sallame shi cikin mutunci, ya ba shi hakkinsa, ya yankar masa tikiti a jirgin da zan dawo. Idris ya rako mu har bakin titi yana kuka kamar shi ya yi laifin. Madubin da zobbansa suna can a jikin bindigar, sun zauna daidai, wani zai more su.

A jirgi, da muka kusa Kano, Baffa ya juyo wajena. Ya ce, "In mun isa gida kada ka riƙe mini hannu a gaban mutane. Ka dai riƙa tafiya gabana. Kulu kuma ni zan gaya mata, in na samu yadda zan fara."

Mun isa Funtuwa da yamma, ƙofar gida cike. Maza suka yi layi suna miƙa hannu, da yake ta gabansa suke zuwa, bai kuskure ko ɗaya ba, har tsokanarsu yake yi da sunayensu. Muka ratsa zaure muka shiga tsakar gida, mata suka yi ta guɗa, 'yan'uwa da maƙwabta suna durƙusawa suna yi masa barka da zuwa. Inna Kulu kuwa ta yi abin da matan gidanmu suke yi. Mace ba ta tarar mijinta a gaban surukai. Ta tsaya a gefe jikin bango, ta hagunsa, da sabon zane da kwanon ruwa a hannu, kanta a sunkuye, tana jiran ya ɗan waiwayo su haɗa ido, shi ke nan gaisuwarsu sai an watse.

Baffa ya dubi gabansa, ya dubi ƙofar ɗakinta, ya sake duba fuskokin da ke gabansa ɗaya bayan ɗaya. Na ga murmushinsa yana raguwa. Ya sunkuyo wajena ya ce a hankali, "Mudi, Kulu ba ta fito ba? Ko an gaya mata ne?"

Tana kusa da shi, in ya miƙa hannu zai taɓa ta. Ta ji.

Ta ɗago kai ta dube shi, ta dube ni. Ban kauce wa idonta ba wannan karon. Sai ta tako, a gaban mahaifiyata da dukan dangin mijinta, ta zagayo ta tsaya daidai gaban fuskarsa, kusa ƙwarai. Guɗar ta tsaya. Ta ɗaga kwanon ta sa masa a hannu, ta riƙe hannun nasa da nata har ya kama.

Ta ce, "Ga ni nan, Malam. Sha ruwa."